Mama, Takwararki Ba Ta Numfashi da Kanta

Assalamu alaikum Mama. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya haskaka kabarinki.

Daga barandar asibiti nake rubuto miki, nan unguwar Treichville a Abidjan. 'Yata Ummi, takwararki da kika bari a goye, tana ciki kwance. An zura mata roba ta baki har maƙogwaro, inji ne ke hura mata iska.

Ƙaramin aiki ne fa, gyaran cibiya. Likita ya ce kada ta ci komai kafin a sa ta barci, har ya maimaita da Faransanci, à jeun. Na kiyaye, ko ruwa na hana ta.

Da safe ƙanwarki Inna Rabi ta hawo woro-woro, tasin haɗakar nan, daga unguwar Williamsville da rubutu, ta dama shi da fura da nono, kamar yadda kike yi mana ranar jarrabawa. Ina can wajen karɓar kati ta ba Ummi kofi guda. Nas ta tambaya ko yarinya ta ci abinci, Inna ta ce a'a, kuma har zuciyarta ba ƙarya ta yi ba. A gidanmu wa ya taɓa kiran rubutu abinci?

Daga baya likita ya zaunar da ni. Ya ce maganin barcin nan komai yake kwantarwa: numfashi ya yi rauni, tari ya ɗauke, maƙogwaro ya daina tsare hanyar iska. Furar ta taso daga ciki ta gangara huhu, Ummi ko tari ba ta iya yi ba.

Mama, tsoro nake ji. Ina son in yi wa wani ihu, na rasa wa. Inna ta bar rumfar atamfofinta a kasuwa, tana zaune a ƙasa gefena, ta ƙi cin komai. Idan ta sunkuya, ƙeyarki nake gani.

Kin sha ce mini, “Mai rai ba ya fid da rai.” Ina ƙoƙari, wallahi.

Gobe za su gwada cire robar, su ga ko za ta ja da kanta. Yau ma Inna ta zo da rubutu, ruwa zalla. Ta miƙo mini, ta ce in shafa wa Ummi a goshi kawai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Na san kina son ganin ta. Ki yi haƙuri Mama, Allah Ya bar mini ita tukuna.

'Yarki,
Balkisu