Jakunan Kaka da Baffa Ya Musanta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya zafin Legas, yaya ƙafarka? Mu nan Ƙofar Ran lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙi.

Ka san binciken digirina a kan fataucin auduga ne a ƙasar Bauchi kafin zuwan mota. Asabar na je Miri wajen Baffa Isa, don shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ayarin jakunan Kaka da idonsu. Wane suna ko ɗaurin aure ne bai cika mana kunne da labarin ba?

Ashe kafin in isa an baza cewa 'yar jami'a za ta zo ɗaukar sunayen waɗanda za a ba tallafi. Na tarar da zaure cike. Ina kunna rikoda, Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu talakawa ne tun asali, ko jaki ɗaya tsohonmu bai taɓa mallaka ba." Dattawa suka gyaɗa kai. Na rantse musu tarihi nake nema, ba wanda ya yarda.

Da zan hau mashin Baffa ya biyo ni, ya rage murya ya ce, "Hadiza, sunana ya shiga dai ko?"

Ka gaida mutanen gida, ka sa ni a addu'a. Ka sa Baffa ma, Yaya. Yunwa ta sa ya talauta ubansa a kabari.

Ƙanwarka,
Hadiza