Auta yana jiran ƙararrawar keke

Zuwa ga Inna Balaraba,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi. Na san maganar aure da ta 'ya'ya aka saba kawo miki. Ni tawa ta doki ce, kada ki yi dariya.

Mijina Maliki ya rasu farkon daminar bana, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Yanzu haka ina takaba a gidanmu na Zauro. Manomin shinkafa ne, amma yana da wata gajeruwar goɗiya da yake ji da ita. Bara ta haihu ta mutu, ta bar ɗan a kwance. Kowa ya ce ba zai yi rai ba. Ni na raine shi da nonon akuya a ludayi, daga baya kunu. Da ya miƙe, Maliki ya ce a gaban 'yan'uwansa ya ba ni shi, shi ya sa bai shiga gado ba. Mu Allah bai bar mana namu ɗiya ba. Auta nake kiran ɗan dokin.

Inna, wanga dukushi bai san shi doki ne ba. Cikin awaki ya girma. In ina daka yana tsaye kusa da turmi, in na kankare tukunya ya san ƙanzon nasa ne. Ga shi in na fita takaba yayana zai mai da ni Argungu, gidansa kuwa ɗakuna ne cunkus, ko akuya ba ta da wurin kwanciya. Harawar da Maliki ya ajiye ta kusa ƙarewa. Fadama cike take da ciyawar burugu, amma wa zai shiga ruwa ya yanko? Ni ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Mutum biyu suka nuna suna sonsa. Na farko Kunle ne, Bayarabe mai shagon kayan keke a kasuwar Birnin Kebbi, aminin marigayi. Har kuka ya yi ranar jana'iza. Ɗiyansa in sun zo burodi da sukari suke kawo wa Auta, su rungume wuyansa. Sai dai Goggo Sakinatu, wadda ke zaune da ni, ta ce gidansu a unguwar Badariya siminti ne ko'ina, kuma Kunle da bakinsa ya ce bai taɓa kiwon ko kaza ba.

Na biyun wani dattijo ne daga Ambursa, Malam Tamba, yana da tsohuwar goɗiya. Ina bayan zana ina jinsa. Bai yaba ko da kalma ɗaya ba. Goggo ta ce ya buɗe bakin Auta, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ji yana cewa an lalata dabba, kofato ya yi tsawo, ciki ya yi tulu, wai wannan bunsuru ne mai gezar doki. Har ya tambaya wa ke ba shi tuwo. Ni da na hana idona barci a kansa! Na ce Goggo ta sallame shi. Amma jiya ya aiko da damin burugu da 'yar kanwa, ba saƙon komai.

Yau in ce Kunle, gobe in ce Tamba, jibi in ce babu wanda zan ba. Na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in koma bakin turke.

Akwai abin da ban gaya wa ko Goggo ba. Kullum da la'asar Maliki kan dawo daga fadama da ciyawa a bayan keke, tun daga kwanar masallaci yake kaɗa ƙararrawa, Auta ya amsa da haniniya. Har yau in la'asar ta yi sai ya miƙe kunnuwa yana kallon zaure. Kowane mai keke ya wuce ya kaɗa, sai ya yi haniniya yana jan igiya. Ni ma gabana sai ya faɗi. 'Yan gaisuwa sun daina zuwa, kowa ya koma gonarsa. Mu biyu kaɗai muka rage masu jiransa. In na ba da Auta, saura ni kaɗai.

Wa zan ba, Inna? Ko in nace wa yayana ya san yadda zai yi?

Taki,
Mai takaba, Zauro, Jihar Kebbi

*

'Yar'uwa mai takaba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam Maliki, ya sa ya huta. Ban yi dariya ba, kuma babu mai hankalin da zai yi.

Maganar kai Auta Argungu ki cire ta. Dokin da aka ɗaure a lungu ba filin motsi wahala zai sha, ke ma ki sha ta kallonsa.

Kunle mutumin kirki ne, son da 'ya'yansa ke yi wa Auta kuma na gaskiya ne. Amma siminti na cutar da ƙafar doki, burodi da sukari na ɓata masa ciki, kuma ranar da ya kwanta ciwo babu wanda zai gane da wuri. Yara kuma in sun ga doki hawa za su so yi, alhali bayansa bai yi ƙwari ba. Ki gode masa da kyau, ki gaya masa dalili. Zai fahimta.

Malam Tamba bai iya magana ba, kuma bai kyauta ba da ya manta wadda ta tsamo dabbar daga bakin mutuwa. Ba ki lalata Auta ba, kin raya shi ne da abin da ke hannunki. Sai dai ki lura: mutumin da ya durƙusa ya duba kofato, aka sallame shi, ya je ya aiko da ciyawa, yunwar dokin ce ta dame shi. Ga kuma goɗiya a gidansa da za ta koya wa Auta zama doki, abin da ke ba za ki iya ba.

Duk da haka kada ki dogara da zatona. Ki tura Goggo Ambursa ba sanarwa. Ta duba bayan goɗiyar ko da gyambo, ta duba tsabtar turke da ruwan sha, ta ga ko dabbar na kau da kai in dattijon ya ɗaga hannu. In ta gamsu, a yi magana a gaban shaidu: ba hawa sai ya isa, ba sayarwa sai da saninki. Ya riƙa zuwa yana ba Auta ciyawa da hannunsa har su saba, ke kuma ki rage ƙanzo a hankali. A tafi da shi kafin ki tashi, kada ki haɗa rabuwa biyu a rana ɗaya.

Yanzu maganarki ta ƙarshe, wadda ita ce ainihin wasiƙar. Ke kin san Maliki ba zai dawo ba. Auta bai sani ba, kullum yana kira ba a amsa masa. Ki roƙi magada su bar miki ƙararrawar keken nan, ki ba Malam Tamba, ya riƙa kaɗa ta in zai zuba abincin la'asar. Dokin ya ji ƙararrawa, ya ga mutum ya shigo da ciyawa da gaske. Ke kuma wannan lokacin ki mai da shi na yi wa mijinki addu'a, ita ce ke isa gare shi. Ki gaya wa Goggo abin da kika gaya mini, kada ki riƙe shi ke kaɗai.

Ambursa a kan hanyar Argungu take. Duk ran da kewa ta taso, ki ce wa direba ya sauke ki. Ki tafi da ɗan ƙanzo a gefen zane, kaɗan dai, kada dattijon ya gani.

Allah ya ba ki haƙuri, ya sa ki fita takaba lafiya, ya raya Auta.

Inna Balaraba