Maganar da Na Katse Maka

Zuwa ga aminina Alhaji Yusuf mutumin Sin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta wanda ya rage zuwa ga wanda ya riga shi, ni ne Habu, akawun sito, maƙwabcinka na unguwar Ammariyya. Akwai maganarka guda da ban bari ka ƙarasa ba, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka san halina. Uwar 'ya'yana takan ce bakina ya riga kunnena fitowa duniya. Kai kuwa ko ɗan dako ne ke ba ka labarin jakinsa, sai ka haɗa hannu ka jira ya kai aya. Ka ce a gidanku haka aka rene ku, wanda ya shiga bakin babba ya zubar da mutuncin iyayensa. Na ce mu ma haka aka koya mana, ni ne dai ban ɗauki karatun ba.

A shekarun da jiragen ruwa ke yin layi a bakin tasha wata da watanni muka yi aiki sito ɗaya, ƙarƙashin wani mudir, wato manaja, Bature. Ni na zo da Turancina daga Sudan, kai kana da Sinanci da Larabci, Turancin kuwa kana tsintarsa kamar tsakuwa a shinkafa. Wata rana muna cin ful da tamis ka buɗe ɗan littafinka, ka tambaye ni kalmar da Turawa ke faɗa idan za su katse wa mutum magana.

Na faɗa maka ita. Na ce ana katse mutum da ita, ana katse aiki, har wutar lantarki idan ta ɗauke ita suke kira. Na ce ba a jefa ta tsirara, sai an sa neman afuwa a gaba, sannan a faɗi abin da ya kawo ka da sauri kafin a ƙwace bakin. Ka rubuta duk wannan da rubutunku mai kama da tagogi. Sai ka rufe littafin ka ce, “Kalma ce mai kyau, Malam Habu, amma ba ni da inda zan sa ta.” Na yi ta tsokanarka, na ce ka sayi takobi ka rataye a ɗaki.

Sai ranar akwatunan magani. An bar su a fili rana ta dafa su, mudir ya tara mu ya ɗora laifin a kaina. Takardar sallama na gabansa, alƙalami na hannunsa. Ka san abin da ke bayan wannan sa hannu: kafilin da ya tsaya mini ya janye, iƙamar zaman ƙasa ta mutu, ni da yara biyar mu hau jirgi. Ni mai bakin nan duka, ranar ban iya cewa uffan ba.

Kai ne ka miƙe mudir na tsakiyar magana. Ka nemi afuwa yadda na koya maka, ka faɗi kalmar, ka ajiye masa takardar da shi da kansa ya sa hannu cewa a fitar da akwatunan fili don a ba siminti wuri. Na ga gumi na bin wuyanka. Mudir ya duba, ya mayar da alƙalami aljihu, taro ya watse. Da na zo yi maka godiya ka ce in bari, kunya kake ji, kamar ka mari mahaifinka a kasuwa.

Iya sanina, sau ɗaya ke nan ka katse wa wani magana, kuma domina ka yi.

Ga inda nawa laifin yake. Da ciwo ya ci ƙarfinka, 'yarka ta zo ɗaukarka zuwa Ɗa'if ko sanyin can zai taimaka. Da hantsi na raka ka bakin mota. Ka riƙe hannuna ka ce, “Malam Habu, akwai abin da na daɗe ina so in…” Na ji muryar ban kwana, na tsorata. Na ce halas, ya isa haka, ajiye ta sai ka dawo, yalla mu je, direba na jira. Ka rufe baki ka yi murmushi, don kai ba ka ƙwace magana daga wanda ya karɓe ta. Kwana goma sha ɗaya aka aiko mana da rasuwarka.

Na tambayi 'yarka, ba ta sani ba. Ko amana ce, ko gafara kake nema, ko wadda za ka yi mini, ban sani ba, kuma abin yana damuna har yau. Yanzu idan jikokina na magana nakan haɗa hannu in jira, har suna tambayar ko lafiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka huta. Idan akwai haƙƙina a kanka na yafe, naka da ke kaina kuma ina roƙon ka yafe. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, ka ɗauko maganar daga inda na tsayar da kai. Zan yi shiru har ka gama.

Naka mai jira,
Habu