Motar Baba da Ke Soro

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

An yi zaman gida yau bayan la'asar. Yaya Sule ya zo da babbar riga da turare, ka san da magana a bakinsa. Maganar soro ce. Yana so a mai da shi shago, ɗansa Bashir ya zuba kayan masarufi, tunda ya gama makaranta yana zaune. Abin da ya tare masa hanya motar Baba ce, da take ajiye a ciki tun kafin rasuwarsa.

"Wannan ba mota ba ce, Abdulbaƙi, ƙarfe ne," in ji shi. Wai a kira 'yan gwangwan su yanka ta su auna.

MG ce fa, ƙirar Ingila ta 1967. Kujera biyu, rufin tamfol, ba ta kai ƙuguna tsayi ba, mutum biyu sa iya ɗaga bayanta. Baba ya saye ta a hannun wani Baturen masaƙa da zai koma gida, ya sa aka faɗaɗa ƙofar soron saboda ita kaɗai. Duk unguwar Sheshe babu wanda bai san ƙararta ba. Ita ce yau ƙarfe.

Na ce ba za a taɓa ta ba. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce in ta tashi ta fita da ƙafarta kafin Babbar Sallah ya haƙura da soron har abada, in ba ta tashi ba ni ma in haƙura. Na ce na yarda, a gaban mahaifiyarmu Hajiya da ƙanwarmu Hasana. Hajiya tana ta ɓarar gyaɗarta.

Ni malamin tarihi ne. Ban taɓa kwance ko noti ɗaya ba.

Talata, 16 ga Afrilu

Na yaye ledar da aka rufe ta. Ɓeraye sun yi gida a kujerar direba, sun ci rabin soson. Tayoyi huɗu duk sun kwanta. Amma fentin yana nan, kore shar, da na goge da tsumma sai ga fuskata.

Na daɗe a tsaye. Warin fatar kujerun bai canza ba, haushi ya ƙara kama ni.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na kawo Mika'ilu bakanike daga bakin titi. Bai gama buɗe bonet ba ya ce, "Malam, a cire wannan a ɗora mata injin Sitalet, kwana biyu ka hau abarka." Kamar ya mare ni. Haka suke, duk abin da ba su gane ba sai su cire shi su dasa wanda suka sani. Na ce masa motar nan yadda Bature ya ƙera ta haka Baba ya riƙe ta, haka kuma za ta tashi, ko ƙusa ɗaya ba za a sa mata na wata ƙasa ba.

Ya ɗaga kafaɗa. Ya duba dai, ya ce gaskit ɗin kan inji ya ƙone, watafamfo ya cije, sauran duk wanki ne da haƙuri.

Laraba, 24 ga Afrilu

Kasuwar Ƙofar Ruwa tun safe. Na shiga layin kayan mota ina cewa MG, suna kallona kamar na zo neman ƙahon doki. Wani ya ce ko ta China nake nufi. Wani ya ce in kawo tsohon ya gani, na ce ba na yawo da kayan motar mahaifina a buhu. Sifanu na inci kawai na samo wajen wani dattijo, su ma sai da ya tono su daga ƙasan akwati.

Na dawo da ciwon kai, rana kamar ta fasa ƙwaƙwalwa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na samu Nazir a waya, tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila. Ya ce can akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai kayan irin waɗannan tsofaffin motoci, har tsofaffi ke taruwa ranar Lahadi suna nuna wa juna nasu. Can ana taruwa a kalla, nan ana auna ta a sikeli. Na tura masa lambar da ke jikin ƙofar motar. Zai ba wani mai dawowa gida ya taho da su.

Juma'a, 10 ga Mayu

Yaya Sule ya biyo ta soron bayan masallaci, ya same ni kwance a ƙarƙashinta. "Injiniya, ya aiki?" Na ci gaba da abin da nake yi.

Asabar, 11 ga Mayu

Abin da na yi a makon nan: na wanke tanki, na wanke kafireta da fetur da tsohon buroshin haƙori, na sa faci a lagireto, an yi wa tayoyi sabon tib. Hannuna duk ya faffashe, yara a aji suna kallon farcena suna ƙus-ƙus.

Wani abu yana ba ni mamaki. Sifanun inci suna kama notin taya da na ƙafa daram, amma a kan inji sai su riƙa sulɓewa. Tsatsa ce ta cinye kawunan, ina jin.

Bashir ya zo ya ce ko zai riƙe mini fitila. Na ce a'a. Na san idonsa a kan bango yake, yana lissafin inda zai kafa kanta.

Litinin, 27 ga Mayu

Kaya sun iso! Ƙaramin kwali, an naɗe komai da takarda mai maiƙo. Watafamfon yana ƙyalli har ba na son taɓa shi. Na kai wa Hajiya ɗaki ta gani, na ce daga Ingila. Ta juya shi a hannu ta ce, "Allah ya sa a dace." Ko ɗan murmushi babu. Gidan nan ba wanda ya damu da abin da Baba ya bari sai ni.

Talata, 28 ga Mayu

Bai shiga ba.

Ramukan watafamfon ba su hau kan na injin ba. Gaskit ɗin ma haka, ka daidaita wannan gefe wancan ya kauce. Na juya, na kifa, na sake juyawa. Mika'ilu ya ce a kawo dirila a fafe ramukan su haɗu. Na kusa zaginsa. A fafe! Kayan da suka ƙetaro teku.

Na kira Nazir na yi masa faɗan da bai cancanta ba. Ya rantse lambar da na tura ita ya ba su, har sau biyu suka duba. To ina matsalar take? Ni ne ban iya karanta lamba ba, ko su ne suka ga Bahaushe suka haɗa shi da abin da suka ga dama?

Lahadi, 2 ga Yuni

An yi ruwan farko mai ƙarfi, soro yana yoyo daidai kan rufinta. Na tara bokiti. Yaya Sule ya aiko da ragonsa na layya an ɗaure a bakin soron, wai gidansa babu wuri. Ragon ya ci gefen kwalin kayan. Da gangan ne, ko shakka ba na yi.

Laraba, 5 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara rubuta wannan ba.

Da hantsi ina zaune a ƙasa, gaskit a cinya, na rasa abin yi. Hajiya ta fito za ta gidan maƙwabta barka, ta tsaya tana gyara mayafi. Ta ce, "Har yanzu bai hau ba?" Na ce bai hau ba. Ta ce, "To ai da wuya ya hau, tunda na Datsun ne a ciki."

Na ce na me?

Ta faɗa kamar mai ba da labarin cefane. Wai injin Baturen ya fashe tun shekarar da aka haifi Hasana. Baba ya yi ta neman kayansa bai samu ba. A lokacin ne tasin yayanta, marigayi Kawu Aminu, ta faɗa rami a hanyar Gwarzo, jiki ya tashi aiki amma inji lafiya lau. Kawu ya ba shi kyauta. Aka turo shi a kura, aka rufe ƙofar soro, aka ɗora. Baba ya sa aka kankare sunan da ke kan murfin injin, aka fesa masa koren fenti irin na da, kuma ya ce kada wanda ya ji.

"Ana gobe sunan Hasana suka yini suna gurza ƙarfe, mai jego ko barci ban samu ba."

Na ce, Hajiya, kina kallona wata biyu ina wahala, me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Ka tambayi bakanike, ka tambayi 'yan kasuwa, ka tambayi Ingila. Ni da ka kawo mini, nuna mini ka zo yi." Ta sa takalminta ta fita.

Na haska murfin injin. In ka shafa da yatsa za ka ji wurin da aka kankare, ya ɗan lotsa.

Alhamis, 6 ga Yuni

Ban je makaranta ba.

Tun ina yaro nake jin Baba yana gaya wa baƙi a soron nan, "Yadda Bature ya ba ni ita haka take." Da wannan maganar na kori Mika'ilu. Da ita na tsaya a gaban Yaya Sule ina ɗaga murya. Ashe injin tasi nake karewa, wadda ta yi jigilar 'yan kasuwa da kajinsu daga Rimi zuwa Kurna.

Haushin wa zan ji? Baba ya tafi. Hajiya gaskiya ta faɗa. Ni dai na ji kunya, kuma na ji haushin Baba, Allah ya gafarta mini, ya jiƙansa.

Su zo su yanka ta. Me ya rage a ciki?

Asabar, 8 ga Yuni

Na koma Ƙofar Ruwa. Ban yi niyya ba, ƙafata ce ta kai ni. Wannan karon na sa tsohon watafamfon a buhu. Shago na biyu, mutumin ko tashi bai yi ba, ya miƙa hannu bayansa ya zaro irinsa sak daga cikin ƙura. Gaskit ma akwai. Ya ce ya ɗauka masu irin wannan injin duk sun ƙare.

A hanyar dawowa cikin adaidaita na rungume buhun, ina jin kamar kayan sata na ɗauko.

Na kira Mika'ilu. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Sifanunsa na yau da kullum suka kama kowane noti.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ta tashi.

Sai da ta yi tari, ta yi tari, ta cika soro da baƙin hayaƙi, rago ya tsinke igiya ya yi cikin gida. Sannan ta daidaita. Ƙarar nan ce, ita ce dai, wadda nake ji daga makarantar allo in san Baba ya dawo. Ashe tun can ƙarar Datsun nake ji.

Na fito da ita lungu a hankali, madubi yana gogar bango. Mutane suka firfito. Na kai bakin titi na juyo. Yaya Sule yana tsaye a ƙofar gida, Hasana ce ta kira shi. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya dafa bonet, ya ce, "Magana ɗaya ce, na haƙura." Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko hayaƙi ne. Bashir bai fito ba.

Na ci nasara. Na zaci zan ji daɗi fiye da haka. Ban gaya wa kowa abin da ke cikin bonet ɗin ba, Hajiya ma ba ta faɗa ba.

Talata, 18 ga Yuni

Sallah ta wuce lafiya, gida duk ƙaurin suya.

Yau da safe ina goge ta sai ga Hajiya da sabon mayafi da jaka a hannu. Ta ce in kai ta gaishe da iyalan Kawu Aminu a Ƙofar Na'isa. Na ce bari in tsayar da adaidaita, kujerar nan ta yi ƙasa, ga gwiwarta. Ta ce, "Riƙe ni dai." Da ƙyar ta zauna. Ta shafa gaban motar, ta nemi inda ake riƙewa ba ta samu ba, sai ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Mun fita titi ta ce, "Ashe haka cikinta yake." Na ce ba ki taɓa shiga ba? Ta ce kujera biyu ce, kuma kullum da wanda ya fi ta buƙatar a gan shi a ciki. Ita dai tana share ƙarƙashinta.

Na rage gudu. A wajen shatale na rikice da hanya, rabona da gidan tun rasuwar Kawu. Ta ce, "Ƙyale ta, injin yayana ne, ya san gida." Ta yi dariya har tana riƙe mayafi kada iska ta ɗauke. Rabon da in ji dariyarta haka na manta.

Da muka dawo na shigar da ita soro. Ban ajiye ta a tsakiya inda Baba yake ajiyewa ba, na matsa da ita can jikin bangon ciki, saboda yoyon nan. Ƙaramar mota ce, ba ta ci ko rabin wurin ba. Ta wajen ƙofa fili ya ragu sosai, har da tagar da ke kallon lungu.

Saboda yoyo ne kawai. Bashir ya wuce ya tsaya yana kallon filin, ban kore shi ba.