Injin Matsin Duwatsu da Idon Abel

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Nababa ɗan Sama'ilu, mazaunin gabas da Tsanyawa, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina yana jikina, ko da yake ƙafafuna sun daina kai ni masallaci. Zuwa ga 'ya'yana, Kamaruddeen da Hadi da Khairiyya.

1. Gida da gonar bakin rafi da shanun huɗa, ku kira Liman ya raba yadda Allah ya ce. Mahaifiyarku Furera ta zauna a ɗakinta, kada wanda ya matsa mata da zancen komawa birni.

2. Injin da ke ɗakin baya. Kun tashi kuna kiransa ƙarfen Baba, ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku aikinsa ba. Shekara ashirin da bakwai na yi ina kula da shi a ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin duwatsu a jami'a. Garin dutse ake ɗurawa a ɗan kwanson da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a sa shi a tukunyar ƙarfe, injin ya matse shi, lantarki ya gasa shi da zafin da ya haura digiri dubu. Bayan kwana biyu a buɗe, a ga abin da dutse yake zama can cikin ƙasa, inda mai haƙa rijiya ba zai taɓa kaiwa ba. Da aka rufe ɗakin aka yi gwanjonsa, a gabana 'yan gwangwan suka iso da guduma. Na saye shi daga hannunsu, na kawo shi gida a motar hatsi.

Na ji Kamaruddeen yana so a sayar da shi a kilo, Hadi kuma yana so ya mai da shi na matsar man gyaɗa, har tun babbar sallah ba kwa gaisawa. Ku bar rigimar nan, ba na ɗayanku ba ne. Na fitar da shi a cikin sulusin dukiyata.

3. Na ba da shi ga Loveth, 'yar marigayi Abel na wajen Kunci, wadda take koyar da ilimin duwatsu yanzu. Ku haɗa mata da ma'aunin matsi, da wayoyin auna zafi, da littattafaina goma sha ɗaya. Ga dalili, kuma shi ne abin da ya fi yi mini nauyi.

Ni da Abel tare muke aiki da injin. Ranar Juma'a shi yake tsare mini shi in tafi masallaci, Lahadi ni nake tsare masa. Shekarar da aka haifi Khairiyya, wata safiya ina goge tukunyar matsi na ga tsaga a cikinta, siririya kamar gashi. Ba mu da wata, sabuwa sai an yi odarta daga waje, ga ɗalibai suna jiran sakamako. Na ce a raina za ta jure sau ɗaya. Na ɗora ta, ban faɗa wa kowa ba. Abel ne a kan famfon ƙara wa injin matsi lokacin da ta fashe. Ƙarfe ya tafi da idonsa na dama.

Kwamitin bincike ya ce shi ya wuce iyakar matsi. Aka tambaye ni, na ce ban lura da komai ba, saboda ina tsoron aikina, kuna ƙanana. Aka sallame shi, ya koma noma da ido ɗaya.

Na je duba shi a ciwonsa na ƙarshe. Kafin in buɗe baki ya ce, "Nababa, na san ka ga tsagar nan." Sannan ya sa aka kawo mini ruwa. Na sha, na tashi, ban nemi gafararsa ba. Bayan kwana tara ya rasu.

4. Fasasshiyar tukunyar tana cikin buhu a ƙarƙashin gadona, tare da wasiƙar da na rubuta wa sashen, na faɗi gaskiya duka. Khairiyya, ke za ki kai wa Loveth. Ki bari ta karanta a gabanki, sannan ku je sashen tare, ko za a goge laifin daga takardar mahaifinta. Idan ta ƙi karɓar injin, kada ku roƙe ta. Idan ta faɗi magana mai zafi a kaina, kada ku kare ni.

5. Hadi, kai ne ƙarami, ka fara zuwa gidan yayanka. Kamaruddeen, ka karɓe shi a zaure, kada ka tsaya tone-tone. Ku yi noman bana tare, ku ci sallah a gidan nan kowace shekara muddin mahaifiyarku tana raye, bayanta ma kada ku watse.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya tsare ku daga tsoron da ke sa mutum yin shiru. Na yafe muku duniya da lahira. Ni kuwa akwai wanda zan tarar a gaban Ubangiji ban nemi yafiyarsa ba. Ku yawaita yi mini addu'a.