Shingen Simsim

Asabar, 4 ga Mayu
Nermin ta tafi Kuwait aikin asibiti. 'Yata tilo, ta bar mini makullin ɗakinta da karenta, Simsim. Kare a gidana! Da matata Su'ad tana raye da ta yi dariya har ta zauna. A bakin ƙofa na gaya wa Nermin: mako biyu zan gwada. In ya hana ni sallah cikin tsarki, zai koma gidan ajiye karnuka inda ta ɗauko shi. Ta ce, "Baba, shekara ya yi a keji a can, ko abinci ba ya ci." Na ce ba ruwana.

Lahadi, 5 ga Mayu
Ya lashi darduma. Na wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. A bene na huɗu ina zan sami ƙasa? Ta tukunyar na'ana'ar Su'ad na ɗiba, Allah Ya jiƙanta.

Litinin, 6 ga Mayu
Na je shagon kayan dabbobi na kusa da tashar tarago. Mai shagon, Midhat, ya baje mini shingayen ƙarfe masu ninkewa, gajere da dogo. Na ce na auna karen, santimita hamsin ne, kuma yana ɗingishi da ƙafar baya. Ya ce, "Karen titi ne, Alhaji? To ɗauki dogon." Shekara talatin ina tuƙa tarago a nan Iskandariyya, mai sayar da abincin kyanwa ba zai koya mini awo ba. Na ɗauki gajeren, mai santimita sittin.

Talata, 7 ga Mayu
Ina sujada a raka'a ta biyu ta La'asar na ji numfashi a ƙeyata. Ya tsallake shingen. Wai mai ɗingishi!

Laraba, 8 ga Mayu
Na mayar da shingen. Midhat ya ce, "A'a, Alhaji, gurgun naka ya warke ne?" Na ɗauki mai mita guda, da ƙofa da sakata. Shingen ya cinye rabin falo.

Asabar, 11 ga Mayu
Bai tsallake ba. Bai kuma ci komai ba, yau kwana uku. Ba haushi, ba kuka, ya juya wa ɗaki baya yana kallon bango. Na sa masa gutsuren burodi da cuku, ko shinshinawa. Nermin ta kira ta ce in nuna mata shi a waya, na ce layin ba kyau. Ƙarya na yi wa 'yata, abin ya tsaya mini a rai.

Litinin, 13 ga Mayu
Ya ɗan sha ruwa. Haƙarƙarinsa ya fara fitowa. In na sake shi sallata, in na kulle shi ransa. Na kira masu gidan karnukan, sun ce Asabar za su zo. Ban gaya wa Nermin ba.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na buɗe ƙofar shingen don in share ciki. Ya fito a hankali, ya wuce kicin, ya cinye abin da ke kwanonsa tas, ya kuma lashe kwanon. Sai aka kira Azahar. Na ce masa, "Shiga." Ya dube ni, ya ja da baya. Na kasa tilasta shi.
Na tsaya ina kallon shingen, ba kowa ciki. Na wanke tayil ɗin da kyau, na goge. Na ɗauko darduma, na shiga, na sa sakata. Alƙibla ta yi daidai da gefen taga. Shi kuma ya kwanta a waje, haɓa a kan ƙafafu, bai motsa ba har na sallame.

Asabar, 18 ga Mayu
Mutanen gidan karnukan sun zo da igiya. Na ba su shayi, na ba su haƙuri, suka tafi.
Nermin ta kira ta bidiyo ina cikin shingen ina lazimi, na manta inda nake, na ɗaga. "Baba! Me kake yi a keji?" Ta yi ta dariya, can sai dariyar ta koma kuka. Na ce maganar tsarki ce kawai, kada ta ɗauka wani abu ne.
Da yamma ya ɗora kansa a kan silifas ɗina, ban janye ƙafa ba, gwiwar ce ke ciwo. Gobe zan bi ta wurin Midhat, na ga wani jan abin wuyan kare a rataye. Dubawa kawai zan yi.