Shanun lakar Ilu

Belbeji, daren Talata, 1966

Inna ta samu sauƙin tari, jaririya lafiya, ni ce barci ya ƙi.

Yau na leƙa lakwal. Yara na ciki suna karatu, Iluna yana gindin aduwa da shanun lakarsa. Mushe, malaminsu, ya ce, "Tunda allo ya ƙi shi, ya sa wa kowace saniya harafi, kamar shaidar garke." Na ji yaron da ba ya buɗe baki yana kiransu ɗaya ɗaya. In na rufe ido, sai in ga haruffa suna kiwo a kwarin Tarka.

Babansa ya ce ran kasuwa zai miƙa shi kiwo. Na roƙi Mushe ya zo ya lallashi baban. Allah sa ya amsa kafin ranar.